Tabo a Faifai na Sha Bakwai

A saman tudun Valparaíso,
inda gidaje ke dafa kafaɗar juna kada su zame cikin teku,
na shimfiɗa tsohon bargo a teburin cin abinci,
na jera faifai sittin da uku.
Kakana Nibaldo ya ce sittin da huɗu ne,
ɗayan wani abokinsa ya ara
tun ba a haifi uwata ba.

Waya ja, waya fara,
na soka su a ƙeyar garmaho,
ɗaya bakin a wani ɗan akwati mai girman sabulu,
daga nan sai kwamfuta.
Wani gunji ya taso kamar zuma a tulu.
Rabin yini ina farautarsa,
ashe wata siririyar waya ce ban ɗaura ba.
Kaka na kallo, ko uffan.
Sai da na gano ya ce, "Da kin tambaya."

Kowane faifai sai an yi masa wanka:
tataccen ruwa, ƙyalle mai laushi,
a bi tsagi yadda ya kewaya, ba a ƙetare shi.
Muka jingina su gefen taga kamar farantai
har suka sha iska.

Aikin nan ba ya karɓar cin hanci.
Minti ashirin da biyu fuska ɗaya,
minti ashirin da biyu za ki zauna.
Ni da na saba latsa abu ya zo kafin ƙiftawa,
ga ni, shayi na hucewa,
ina kallon muryar matar da ta daɗe a ƙasa
tana zama shuɗɗan tsaunuka a allo,
tudu, kwari, tudu,
allura na noma kunya ɗaya tal
daga baki har cibiya.

A faifai na sha bakwai
tsaunukan suka fito da masu.
Tas.
Kewaye ɗaya.
Tas.
Manhaja ta ce tana iya sharewa,
latsawa ɗaya, kamar ba a yi ba.
Na ɗaga yatsa.
Kaka ya riƙe mini wuyan hannu,
tafinsa kaushi, shekara talatin na igiyar jiragen ruwa.

"Daren da ƙasa ta girgiza ne," in ji shi.
"Herminia na soya kifi,
tana taka rawa da cokali a hannu,
ni ina yi mata dariyar rashin iya juyi.
Sai bene ya yi juyin da ya fi namu.
Allura ta yi tsalle, ta karce waƙa uku.
Kwanuka suka zube, wuta ta ɗauke.
Da gari ya waye bango a tsage,
faifan na nan inda muka bar shi.
Bangon mun liƙe."

Bai ƙara ba.
Can ƙasa wani jirgi ya yi kuka, karnukan unguwa suka amsa.

Na ajiye fayil biyu.
Ɗaya wankakke, sumul,
na tura wa 'yan uwa a Malmö,
suka aiko da zuciyoyi ja guda tara.
Ɗayan na bar shi da tabonsa,
na rasa sunan da zan sa masa,
na rubuta: kifi.

Kunnen Kaka ya yi nauyi yanzu.
Jita ba ta isa gare shi,
muryar ma sai dai inuwarta.
Amma na sa masa abin ji a kunne da yamma,
ya lumshe ido, ya ɗora hannu a gwiwa,
waƙa ta ɗaya ta wuce, bai motsa ba,
ta biyu ta kama,
sai na ga yatsansa ya ɗaga,
ya jira,
ya sauka daidai.

Saura faifai arba'in da shida.
Ya ce in an gama
mu nemi gidan abokin nan.